Farin Yadi Ba a Riga Mai Saye Dariya

Ku samarin da kuke wucewa ta gaban shagona a Birnin Kudu, kuna ganina a kishingiɗe kan dilar atamfa ina dariya da masu saye, na san abin da kuke cewa. Kun ce Alhaji Ado ya samu sana'ar hutu: a zauna a inuwa, a yi hira, a ja almakashi. Kwanaki wani daga cikinku ya tsaya ya ce da ni idan ya samu jari shi ma yadi zai sayar, domin Allah ya ba shi baki. Na ce da shi baki kam akuya ma tana da nata. Wanda sana'ar nan take nema shi ne wanda ya san lokacin da ake rufe shi.

'Yata Binta, wadda take koyar da Turanci a sakandare, tana shagon ranar, ta zo zaɓar mayafi. Da yaron ya tafi sai ta ce, "Baba, abin da kake ta kewaye-kewaye a kansa, Turawa kalma ɗaya suka ba shi. Flippant."

Na ce, "Sunan cuta ne?"

Ta ce, "Kusan haka. Mutumin da magana mai nauyi ta zo gabansa, shi kuma ya tare ta da wasa. Ba mugunta ba ce, ba kuma zagi ba ne. Abin da ake karɓa da hannu biyu ne ya ɗauka da yatsa."

"To, mai barkwanci ke nan."

"A'a, Baba. Mai barkwanci a gidan biki ba a kiransa haka. Sai in ya kai barkwancin gidan makoki, ko alƙali yana tambayarsa shi yana zolaya. Ana faɗa wa mutum, ana kuma faɗa wa amsar da ya bayar."

Na ce mu ma ai mun daɗe da sanin wargi wuri yake samu. Amma na riƙe kalmar tata, domin na san mutumin da wannan abu ya kusa raba shi da rumfarsa, alhali bai taɓa jin sunansa da Turanci ba. Zan zo kansa. Bari in fara da yadda aka koya mini.

Dilar farko da na ɗauka a Kano, a Kwari, ta kusa karya mini wuya. Maigidana Alhaji Ilu ɗan'uwan mahaifiyata ne, mutumin Yalwan Damai da ya daɗe a birni. Na je da tunanin zan zauna a kujera, sai aka nuna mini gammo. Na daɗe ina dako da shara da ninki kafin a bar ni in taɓa almakashi. Ninki kansa karatu ne. Turmin atamfa idan ka buɗe wa mai saye bai saya ba, dole ka mayar da shi kan layinsa na asali, in ba haka ba na gaba zai ce kwance ne. Alhaji ya koya mini in murza gefen yadi tsakanin yatsu in ga ko sitaci ne ya ba shi kauri, in jiƙa ɗan yatsa in goga in ga ko zai zuba, in girgiza shadda in saurari kukanta. Mai kyau tana da amo mai nauyi. Ta banza kamar takarda take.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sandar awo mai bakin ƙarfe, alli, reza, da almakashi. Almakashin Alhaji a ɗaure yake da igiya a jikin ginshiƙi, domin tela idan ya ara, sai dai ku haɗu a lahira. Nawa ma yau a ɗaure yake, ku leƙo ku gani. Yadin auduga ɗan tsaga bakinsa ake yi a ja, ya tafi kan zarensa sak. Leshi da shadda kuwa ba a yi musu haka, sai a bi su da almakashi a hankali, kana yi kana bismilla.

Sai kuma raha, wadda ita ce almakashi na biyu. Na ga ranar da mata masu haɗa lefe suka cika mana shago, kowace da ra'ayinta, wannan ta ce kore, waccan ta ce kore kayan tsofaffi ne. Alhaji bai kula masu surutun ba. Ya hangi wata dattijuwa a baya, ta yi shiru ta rungume jaka a hammata. Ya ce, "Inna, matso kusa, waɗannan yaran za su sa amarya ta fito kamar tutar makaranta." Tsohuwa ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ita ce gwaggon ango, ita ce mai jakar. Kafin la'asar mun ɗaure musu kaya. Da suka tafi ya ce da ni, "Mutum ba ya kwance bakin jaka fuskarsa a ɗaure. Ka fara kwance fuskar."

Amma akwai wani kaya guda a shagon da yake can sama, shi kaɗai, ba a jera shi da sauran: farin alawayyo. Wata rana ana tsakiyar hira, Alhaji yana ba wani direba labari har yana buga cinya, sai wani mutum ya tsaya a ƙofa ya ce, "Salamu alaikum. Farin yadi." Kafin in ƙifta ido dariyar ta bar fuskar Alhaji kamar an share allo. Ya miƙe da kansa, ya sauko da shi, ya tambaya a hankali, "Babba ko yaro? Namiji ko mace?" Ya auna, ya ƙara ɗan tsawo, ya tsaga, ya naɗe. Bai ce a taya ba, mutumin bai taya ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan rai." Mutumin ya ce amin, ya tafi.

Na ce, "Alhaji, yaya aka yi ka gane likkafani ne? Jiya ma wani ya sayi fari, kuka yi ta wasa."

Ya ce, "Na jiya ya taɓa yadin. Mai ɗinka riga yana taɓawa, yana ɗagawa ya duba a rana, yana kushewa. Mai likkafani ba ya taɓawa. Gaisuwarsa gajera ce, kuma sau da yawa akwai wanda ke jiransa a waje. Amma duk wannan kana iya kuskure. Don haka ga doka, ka riƙe ta har ka mutu: idan aka ce farin yadi, kada haƙorinka ya riga na mai saye fitowa. In ya yi dariya, bi shi. In bai yi ba, kai ma ba ka da haƙori."

Da Alhaji ya sallame ni na dawo gida da ɗan abin da na tara, ban fara da shago ba. Kasuwa-kasuwa nake bi, Birnin Kudu, Gwaram, Sara, kaya a bayan a-kori-kura, ni a kan kayan. A Gwaram na samu rumfa, kuma a nan Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da Tanimu.

Tanimu Babarbare ne, kakansa ne ya zo daga gabas. Gajere, mai faɗin ƙirji, murya kamar ganga. Ban taɓa ganin mai sayar da yadi irinsa ba, kuma ni ba na yabon abokin gasa a banza. Ya taɓa sayar wa wani tsoho yadin makaranta mai ruwan bula ya ɗinka jamfa, tsohon ya dawo mako na gaba yana godiya. Mata sukan taho daga Unguwar Ya, su wuce rumfuna nawa, don kawai su ji abin da zai ce. Idan ya ga Bafillace kuwa, shi ke nan, kasuwa ta kaure da dariya. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi. Tanimu ya mai da wannan wasa jari. Fulanin yankin nan kaf a wurinsa suke saye, su biya kuɗi a zage su, su tafi suna murna.

Babban abokin wasansa shi ne Malam Jibo na Dingaya. Bafillace ne dogo, siriri, mai makarantar Alƙur'ani da Islamiyya, wanda mutanen ƙauyukan wajen ba sa ƙetare maganarsa. Yadin ɗaliban makarantarsa duk a wurin Tanimu ake yanka, iyayen yara kuma inda Malam ya saya nan suke saye. In ya iso, tun daga nesa Tanimu zai ɗaga murya: "Ku ba bawana hanya, kada iska ta ɗauke shi!" Malam ya ce, "Ina jin murya, ban ga mutum ba. Tanimu, tsaye kake ko zaune?"

Shekarar da ruwa ya yi gyara, ya ci gonakin bakin kogi ya shiga rijiyoyi, ita ce muguwar shekararmu. Amai da gudawa suka biyo baya. Amma ranar da nake ba ku labari abin bai bazu ba tukuna, ba mu ma ji ba. Sallah ta matso, kowa fari yake saye na babbar riga. Tanimu tun safe yake yankan fari yana zuba zance.

Ina cikin auna wa wasu mata na ga babur ya tsaya. Malam Jibo ya sauko daga baya, ƙaninsa da ya tuƙo shi bai kashe injin ba. Hular Malam a karkace. Ni na gani. Tanimu bai gani ba, ya juya baya yana jera kaya.

Malam ya ce, "Tanimu, farin yadi."

Tanimu ya ji muryar abokin wasansa, bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Iye! Yau Fillo zai sa fari? Ka sanar da shanu tukuna, kada su ɗauka aljani ne. Ko ɗan naka ne zai yi kwalliyar Sallah, ya nuna wa gari ya fi ubansa kyau?"

Malam ya ce, "Nasa ne. Da hantsi ya cika."

Babban ɗansa ke nan, wanda yake riƙe masa makaranta. Tanimu ya juyo, yadi ya zame daga hannunsa. Malam ya juya. Ya tako zuwa rumfata, na auna, na tsaga, na naɗe, na yi masa ta'aziyya, suka hau babur.

Magana a kasuwa ƙafa gare ta, kuma tana ƙiba a hanya. Kafin ta isa Dingaya ta zama wai Tanimu ya yi wa gawa dariya. Na raka shi gaisuwa. Ya durƙusa a zauren Malam ya kasa haɗa magana, ni na yi masa bayani. Malam ya ce, "Babu komai, ban riƙe shi ba. Bai sani ba ne." Da gaske yake, amma mutanen da ke zaune a zauren ba su ɗago sun dube mu ba. Malam ya yafe, garinsa bai yafe ba.

Shekarar nan kaya masu launi suka kwanta. An ɗaga bukukuwa, gonaki sun tafi, wa zai sayi leshi? Danshi ya shiga diloli, ɓera ya samu gida. Fari kaɗai ke tafiya, kuma ba wanda zai je sayen likkafani wurin mutumin da aka ce yana yi wa gawa dariya. Ba zan ɓoye muku ba, cinikin Dingaya gaba ɗaya rumfata ya dawo, har da yadin makaranta, kuma shi ya fitar da ni daga shekarar. Ban nema ba, ban kuma kore shi ba. Ɗan kasuwa nake.

Cutar ta wuce, damina mai kyau ta zo, bukukuwa suka dawo. Abin da bai dawo ba shi ne bakin Tanimu. Tsoro ya kama shi. Mace za ta zo sayen atamfar suna, ya tsaya yana duban fuskarta kamar likita, ya faɗi kuɗi a hankali, ya yi shiru. To, Tanimu ba shi da arha, ba shi da kaya fiye da na kowa. Bakinsa ne jarinsa. Da ya rufe shi sai ya zama gajeren mutum mai tsada. Ni ma na ji a jikina, domin matan da suke zuwa jin zancensa su sayi ɗankwali a wurina sun koma wani layi. Layinmu ya yi tsit kamar ɗakin jarrabawa.

Na ce da shi, "Kai, don ka taɓa yanke yatsa ai ba ka jefar da almakashi."

Ya ce, "Ado, duk wanda ya tsaya a gabana, sai in ga kamar daga makabarta yake."

A ƙarshe ya gaya mini ya yi magana da wani mai sayar da robobi zai bar masa rumfar, shi kuma ya tafi Kano ya nemi gadin shago. Mutum mai iyali, mai furfura a gemu. Ya ce kasuwa mai zuwa ita ce ta ƙarshe.

Ranar kuwa, wajen azahar, sai ga Malam Jibo a rumfata, da ƙafarsa, hula a daidai, fuska a sake. Muka gaisa doguwar gaisuwa. Ya ce Allah ya kira shi Makka bana, kuma yana so ya tafi da likkafaninsa ya wanke shi da ruwan Zamzam ya dawo da shi ya ajiye, kamar yadda dattawa suke yi. Yana faɗa yana shafa yadin, yana ɗaga shi a rana.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da shi, mai kyau ma. Amma ba zan yanka ba."

Ya dube ni. "Ikon Allah. Yau ɗan kasuwa ke korar ciniki?"

Na ce, "Maƙwabcina yau zai naɗe tabarmarsa, ba zai sake shimfiɗawa ba. Malam ya ce ya yafe, mun ji a zaure. Kasuwa ce ba ta ji ba."

Ya dubi rumfar Tanimu, inda rabin kantocin babu kaya. Sannan ya ɗauki sandarsa ya taka can. Mutanen Dingaya da suka rako shi suka bi shi a baya, ni ma na bar rumfata a buɗe na matsa.

Ya ce, "Tanimu, farin yadi."

Tanimu ya miƙe. Ya sauko da yadi, kansa a ƙasa, ya ce a hankali, "Babba ko yaro, Allah gafarta Malam?"

"Babba. Dogo. Kyakkyawa. Ga shi a gabanka."

Tanimu ya ɗago, ya sake sunkuyawa, ya fara awo.

Malam ya ce, "Kai, tsaya. Kada ka auna da tsawonka. Na san ku Barebari, sai ka yanka mini abin da zai bar ƙafafuna a waje, in isa can ana tambayata wane tela ne ya cuce ni."

Wani a baya ya yi tari don ya danne dariya. Tanimu ya ci gaba da awo.

Malam ya buga sanda a ƙasa. "Wai wa ya ɗaure bakin bawana ne? Na bar shi da magana, na dawo na tarar da turmi."

Tanimu ya waiwayo ya dube ni. Na nuna masa bakin Malam da haɓa. Haƙoran Malam a waje suke, duk da giɓinsu.

Tanimu ya share gumi, ya gyara murya, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni tunanin asara nake. Bafillace ai ba ya cin yadi. Abin da zai naɗe sandar nan taka ya ishe ka, har a samu na hula."

Dariyar da aka yi sai da masu tumatir suka taso daga layinsu. Malam ya riƙe ginshiƙi yana share ido. Da ta lafa sai ya ɗaga murya yadda mutanensa za su ji, ya ce, "Wancan na ɗana ne, ba ni da ikon ba ka wasa a kansa. Wannan nawa ne. Yi yadda kake so."

Kafin a tashi kasuwa, matan Dingaya sun kewaye rumfar Tanimu, mai robobi ya zo ya koma da hannu rabbana. Yadin makaranta ma can ya koma, ni na yi asararsa. Amma layi ya dawo da rai, kuma ɗankwali na sayar a shekarar fiye da kowace shekara.

Da na ba Binta wannan labari na tambaye ta, "To, Malama, a Turancinku na farkon shi ne kalmar taki. Na biyun fa? Likkafani ne a gaba, kuma an yi dariya."

Ta ce, "Na biyun ba shi ba ne, Baba. Mai nauyin ne da kansa ya sauke ya ce a zauna a kai."

Don haka, kai mai baki da kake son shiga sana'ar yadi, zo in ba ka gammo tukuna. Tanimu yana nan a Gwaram, ka je ka ji yadda ake yi. Za ka lura yanzu ba ya juya wa kowa baya, kuma in aka ce fari sai ya dubi baki kafin ya buɗe nasa. Malam Jibo ma yana nan, ya je Makka ya dawo, likkafani yana cikin adaka, shi kuwa sai ƙara lafiya yake. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta layin Tanimu, kuma shi ke fara taɓawa: "Tanimu, kayanka fa har yanzu ban sa ba."

Tanimu ya ce, "Ba a mayar da abin da aka yanka, Allah gafarta Malam. Sai dai ka yi haƙuri ka ci gaba da ajiya."